A Kwance Akwati: Zaman Baƙo A Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram

Jawabin da aka gabatar a taron zumunci na dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na yankin Birnin Kudu da Gwaram, a madadin iyalan da aiki ya kawo su Surko da kewaye.

Karatu: Irmiya 29:4-7, Farawa 23

  Mun san waɗansu sun baro aikin gona, waɗansu kuma sun yi sammako a kan mashin daga ƙauyuka masu nisa domin a yi wannan zama da su. Ubangiji ya sāka muku.

Dattawa suka ce mu da muka zo daga waɗansu wurare mu haɗa bakinmu, mu faɗa wa taro yadda muka iske zama a wannan ƙasa, da abin da za mu gaya wa wanda ya sauka jiya. Da farko mun so mu ƙi, gama abin da za mu faɗa yawancinsa kuskurenmu ne. Amma da muka tuna cewa kowace shekara sai an sami sababbin baƙi, muka ga gara mu sha kunyar yini ɗaya da a ce wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Me ya kawo mu?

Tun da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, ba a daina samun ma'aikata masu shigowa ba. Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da makarantar koyon aikin jinya, da tsohuwar kwalejin gwamnati wadda ta yaye manyan mutane. Kasuwar Sara a ƙasar Gwaram tana jawo 'yan kasuwa daga nesa. Ga 'yan sanda, ga malaman makaranta, ga masu sayar da magani da kayan mashin. Ga kuma 'ya'yanmu masu bautar ƙasa, waɗanda tun 1973 ake tura su jihohin da ba nasu ba, su fito daga sansanin Fanisau a Dutse a rarraba su ƙauyuka, waɗansu ko "ina kwana" ba su iya ba.

A cikinmu akwai mutanen Filato, da na Kudancin Kaduna, da na Adamawa, da na Binuwai, har da na ƙasar Ibo. A garuruwanmu, ranar Lahadi da safe hanya cike take da masu tafiya sujada, ƙararrawa tana kaɗawa ta kowane gefe. Muka zo nan muka tarar Lahadi rana ce kamar sauran ranaku, Juma'a ce babbar rana, majami'a kuwa sai an yi tafiya kafin a kai. Wanda bai taɓa zama ɗan tsiraru ba, ba zai san nauyin wannan a zuciya ba. Mun yi kewa, mun ji tsoro, matanmu sun yi kuka a ɗaki. Ba mu ɓoye wannan, domin wanda ya zo jiya ya sani ba a kansa aka fara ba.

Akwati a ɗaure

Abin da yawancinmu muka yi da farko shi ne muka zauna da akwatinmu a ɗaure. Jikinmu yana Surko, zuciyarmu tana gida. Kullum maganarmu ita ce, "Baɗi in an yi canjin wurin aiki." Ba mu dasa ko bishiyar zogale ba. Albashi na shigowa sai mu nufi Dutse ko Kano, mu yi sayayya, mu ga mutanen garinmu, mu dawo mu rufe ƙofa. Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ma ta wuce, ga mu nan har yaranmu sun fi mu Hausa.

Mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila su ma haka suka yi. A sura 28 ta littafin Irmiya wani mai suna Hananiya ya yi albishir na ƙarya cewa cikin shekara 2 za a komo. Amma saƙon da Ubangiji ya ba Irmiya ya nuna zaman zai kai shekara 70. Sai ya rubuta musu wasiƙa cewa su yi gini su zauna, su yi shuka su ci, su yi aure su aurar, su kuma nemi alherin garin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da lafiyar garin. 'Yan'uwa, mu lura, garin da aka ce su yi wa addu'a garin waɗanda suka ci su da yaƙi ne. Mu kuwa ba wanda ya kawo mu nan da igiya. Takardar aiki ce ta kawo mu, ko neman abinci, mutanen gari kuma suka ba mu ɗaki haya, suka ba mu ruwa a rijiyarsu. In an bukaci haka daga bayi a Babila, ina ga mu?

Abin da ya buɗe mana ido

Ɗaya daga cikinmu, malamin makaranta, ya yarda mu ba da labarinsa. Ya yi wata 8 a unguwa bai san sunan mai gidan da suke katanga ɗaya ba. Da safe yakan ta da mashin, ya ɗaga hannu ya ce "sannu," ya wuce. Ran nan ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan maƙwabcin, maza sun zauna shiru. Aka ce masa mahaifiyar mai gidan ce ta rasu. Ya ce a ransa, wannan sha'anin Musulmi ne, in na je ma ban san abin da zan ce ba, wataƙila ba za su so ganina ba. Kuma ya zaci akwai lokaci, domin a garinsu akan ajiye gawa a asibiti, a sa rana, a buga takarda, a yi mako biyu ana shiri. Bai sani ba a nan wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, zaman makoki kuma kwana 3 ne a tashi. Ya yi ta ratsa masu zaman da mashinsa har aka naɗe tabarmi.

Da damina ta yi tsakiya, cikin dare, zazzaɓi ya kama ƙaramin ɗansa har yaron ya fara sanƙarewa. Mashin ya ƙi tashi, ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya, 'yan'uwa na ikkilisiya kuwa mafi kusa yana da nisa. Kukan uwar yaron ne ya ta da maƙwabta. Wannan mutum da ba a yi wa ta'aziyya ba, shi ya fito da mashinsa, ya ɗauki uba da ɗa, ya bi taɓo da duhu har asibiti a Birnin Kudu. Ya zauna a benci har gari ya waye. Uwargidansa kuma ta shiga ta kwana da matar malamin. Yaron ya tashi, yana nan cikinmu yau, mun gode wa Ubangiji.

Bayan kwana biyu malamin ya je godiya, ya miƙa kuɗin mai. Mutumin ya ƙi karɓa, ya ce, "Haba Malam, ɗanka ai ɗana ne." Suka ɗan yi shiru. Sa'an nan ya ce, ba da faɗa ba, "Sai dai Malam, da gyatumata ta rasu ban gan ka ba. Na ce ko mun yi maka wani laifi ne."

Ɗan'uwanmu ya ce da ƙasa za ta tsage da ya shige. Wata 8 yana zaton ba a son sa, ashe su ma suna zaton shi ne ba ya son su. Muna tsoron su, suna ganin girman kai gare mu. Daga wannan labari muka fara yi wa kanmu faɗa.

Abin da muka koya

Bari mu duba Ibrahim a Farawa sura 23. Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa da zai binne ta. Allah ya riga ya yi masa alkawarin ƙasar duka, amma bai je wa Hittiyawa da gadara ba. Ya je ƙofar gari inda dattawa suke zama, ya kira kansa baƙo, ya sunkuya a gabansu har sau biyu, ya nemi a yi masa iso wurin Efron mai gonar. Efron ya ce kyauta ya ba shi, Ibrahim ya gane maganar kara ce, ya auna masa shekel 400 na azurfa a gaban shaidu. Duk wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwar ƙauye ya san irin wannan ciniki. Mutanen kuwa sun riga sun ɗauke shi babban mutum na Allah a tsakaninsu. Bai bauta wa allolinsu ba, amma ya san gaisuwarsu, ya san ƙofar da ake bi. Ga ƙofofin da muka koya a nan.

Na ɗaya, a fara da mai unguwa. A wannan ƙasa akwai tsari: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa Sarkin Dutse, wanda Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin masarautarsa. Baƙon da ya sauka bai gai da mai unguwa ba, kamar wanda ya shiga gida ta kan katanga ne. A sami dattijo ɗan gari ya raka ka, ka tuɓe takalmi, ka rusuna, ka faɗi sunanka da aikinka da addininka, kada ka ɓoye. Daga ranar ka zama amana a hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu, gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. A tsaya, a kashe mashin, a sauko. A tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, da ruwa in damina ce, da sanyi in hunturu ne. In an ce maka "yaya ruwa?" ka ce "ruwa ya yi gyara," ko da ɗakinka ya kwana yana yoyo. Babba ba a ce masa "kai" gatsau, akan ce "Baba," ko "Malam," ko "Alhaji," ko "ranka ya daɗe." Ba a miƙa abu da hagu. Ba a tambayar mutum sunan ɗansa na fari a gaban jama'a a sa shi jin nauyi, mace kuma ba ta kiran sunan mijinta. Mu da muka saba da magana da ƙarfi, da faɗin abu kai tsaye, sai da muka koyi cewa a nan "to, sai na duba" sau da yawa a'a ce cikin ladabi, shiru kuma ba ƙiyayya ba ne, kawaici ne.

Na uku, gida yana da iyaka. Namiji baƙo iyakarsa zaure ko ƙofar gida. Ya yi sallama, ya aiki yaro, ya jira. Kada ya miƙa wa matar aure hannu, kada ya tsaya hira da 'yan mata da dare. Wannan musamman ga samarinmu da masu bautar ƙasa, gama abin da suke gani wasa ne a makaranta, a nan yana iya zama maganar da za ta kai gaban alƙali.

Na huɗu, matanmu sun fi mu samun ƙofa, domin su suna shiga har tsakar gida. Wata 'yar'uwarmu daga Filato ta shiga barkar haihuwa, ta ce wa mai jego, "Sannu, yaya ka ji da jiki?" Mata suka fashe da dariya, gama Hausar da ta taso da ita ba ta raba "ka" da "ki." Ba ta yi fushi ba, ta taya su dariya, ta ce su koya mata. Dariyar nan ce ta zama mafarin ƙawance. Suka koya mata dambu da tuwon dawa miyar kuka, ita kuma ta koya musu gwate. Yanzu tana cikin adashinsu, ranar suna da ita ake raba ƙosai. Ta kuma ce tun da ta fara yafa mayafi in za ta fita, ta ga gaisuwar da ake yi mata ta canza. Mayafi bai rage mata komai a gaban Yesu ba.

Na biyar, zumunta a ƙafa take. A je suna, a je ɗaurin aure, a je dubiya, a je gayya in an kira, fiye da kome kuma a je ta'aziyya. Ba wuya: ka zauna a tabarma, ka ce, "Yaya aka ji da haƙuri? Allah ya ba da haƙuri." In suna addu'arsu ka yi shiru cikin natsuwa, ka ɗan jima, ka yi sallama. Ba wanda ya taɓa korar ɗayanmu daga tabarmar makoki.

Na shida, abinci. Da Kirsimeti, dattawanmu 'yan ƙasa suka koya mana a kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar, domin in an kai masa tuwo ya ci da zuciya ɗaya. Da azumi kada a tsaya cin abinci a bakin hanya da rana tsaka, in da hali a aika da sukari ko gero gidan maƙwabci. Alade da giya kuwa, kowa ya san tun shekarar 2000 jihar nan take bin shari'ar Musulunci, kuma ko ba doka, Manzo Bulus ya nuna a 1 Korantiyawa sura 8 cewa gara ya bar nama da ya sa wani tuntuɓe. Game da naman Sallah da ake aiko mana, mun san ra'ayin 'yan'uwa ya bambanta. Mai ci ya ci da godiya, wanda lamirinsa bai ba shi ba kada a tilasta masa, kamar yadda Romawa sura 14 ta koyar. Abu ɗaya muke roƙo: kada a mayar da kwano a gaban yaron da aka aiko. A karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a sa wani abu a kwanon in za a mayar.

Al'ada dabam, bangaskiya dabam

Wani zai ce, to, in mun bi duk waɗannan, ba mu narke ba ke nan? A'a. Daniyel ya koyi harshen Babila da karatunsu, ya yi wa sarkinsu aiki da aminci, har sunansu aka sa masa, amma da aka hana addu'a bai rufe tagarsa ba. Rusunawa, da mayafi, da sallama, da babbar riga al'ada ce, muna iya ɗauka. Sujadar Lahadi, da sunan Yesu a bakinmu, da tarbiyyar 'ya'yanmu cikin Maganar Allah, waɗannan ba na ciniki ba ne. Mun kuwa lura maƙwabtanmu sun fi girmama Kiristan da ya riƙe addininsa sosai a kan wanda ba a san inda ya dosa ba. In sun ga ba ka ƙarya, ba ka cin bashi ka ƙi biya, kana zuwa aiki a kan lokaci, su da kansu za su ce, "Wane mutumin kirki ne, yana da riƙon addini." Mai tambaya kuma a ba shi amsa cikin tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus sura 3 ta ce a yi.

Amma dole mu faɗi magana mai nauyi a kan harshe. Waɗanda suka daɗe a nan suna tune da watan Satumba na 2006, lokacin da gardama a kan addini ta jawo aka ƙone majami'u da shaguna a Dutse. A watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bayan wani saƙo a dandalin WhatsApp na ajinsu. Cikin wannan wata kuma rikici ya tashi a Katanga ta ƙasar Warji, nan kusa da mu a Jihar Bauci, a kan saƙon da wata ma'aikaciyar lafiya ta tura. Ta yi kusan shekara ɗaya da rabi a tsare, sai a watan Disamba na 2024 kotu ta wanke ta. Muna faɗa a fili, ba maganar da ta isa a kashe mutum ko a ƙone gidansa a kanta, kuma ba mu ɗora laifin a kan waɗanda aka zalunta ba. Amma Ubangiji da ya aike mu kamar tumaki ya ce mu yi wayo kuma mu zama marasa ɓarna. Kada a yi gardamar addini a wurin mai shayi ko a ofis. Kada a taɓa Annabinsu ko Littafinsu da baƙar magana, ko da wasa. Kada a tura abin da ba a karanta ba. Iyaye, ku duba wayoyin yaranku.

Wani tsoho mai bi, haifaffen ƙasar nan, ya taɓa gaya mana maganar da ba mu manta ba. Ya ce, "'Ya'yana, ku in ta ɓaci kuna da motar da za ku hau. Mu kaburburan kakanninmu a nan suke. Wanda ya ƙone mini rumbu ɗan ƙanena ne, gobe kuma a rijiya ɗaya za mu ɗebi ruwa." Baƙo yakan yi ɓarna da baki ya kama hanya, ɗan gari ya zauna da tabon shekara da shekaru. Saboda haka ladabinmu ba domin kanmu kaɗai ba ne, domin su ne.

Kada kuma tsoro ya rufe mana ido ga alherin da ke akwai. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Ya ba da dalili cewa shekaru masu yawa da suka wuce Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. A can shi ne ɗan tsiraru, kamar yadda muke a nan. Alherin da aka shuka tun da daɗewa, shi aka girbe ranar wuya. Ba a fara abota ranar da gari ya rikice.

Baƙunci a cikin ikkilisiya

Yanzu bari mu juyo cikin gida, gama a nan ma mun yi laifi. Da muka zo mun tarar da masu bi 'yan ƙasa, Hausawa da Warjawa da sauransu, waɗanda iyayensu suka karɓi bishara da tsada, waɗansu aka hana su gado, waɗansu aka raba su da dangi. Muka ga sunayensu Musa, Audu, Talatu, Ladi, muka ga riga da hula, har waɗansunmu suka tambaye su, "Kai Kirista ne na gaske?" Ku gafarta mana. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, da shi aka yi wa kakannin yawancinmu wa'azi a Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa. Harshen da muka sami ceto da shi nasu ne, sa'an nan mu zo muna tambayarsu takardar shaida?

Mun kuma zo da halin zama ƙabila ƙabila. A tashi sujada, 'yan gari kaza su ja gefe suna yarensu, masu Turanci su ja gefe, manomi ɗan ƙasa ya ɗauki kekensa ya tafi ba wanda ya tambaye shi gida. Mai albashi yana ba da baiko a ambulan ana jin sunansa, mai kawo damin dawa ranar godiyar kaka ana ganin kamar bai yi kome ba, alhali shi ya ba da abincin wata guda na gidansa. Mun so a canza waƙoƙi, a canza lokacin sujada, a ƙara lasifika, ba mu tambayi dalilin da ya sa dattawa suke rage murya ba.

A wani gefen kuma, iyayenmu 'yan ƙasa, ku yi haƙuri mu faɗa, wani lokaci kukan zuba mana ido mu yi ta kuskure, kunya ta hana ku tsawata mana, sai abu ya lalace a ce, "Dā ma mun gani." Baƙo ko da ido makaho ne. Ku ja mu gefe ku gaya mana.

Ikkilisiyar farko ma ta sha wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru ba, suka sa aka zaɓi mutum 7, kuma in mun duba sunayensu duka na Helenanci ne, wato an ba waɗanda suka yi kuka amana. Bayan haka Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

Roƙonmu ga dattawa

Muna kawo shawara huɗu, dattawa su duba.

1. Duk baƙon da ya zo, a haɗa shi da gida ɗaya na 'yan ƙasa tun makon farko. Su kai shi wurin mai unguwa, su nuna masa kasuwa da rijiya, su gaya masa abin da ake yi da wanda ba a yi.

2. Masu bautar ƙasa da ɗalibai a zauna da su kafin su fara aiki, a koya musu gaisuwa, a yi musu gargaɗi a kan waya da gardamar addini. Zumuntar Mata ta ɗauki 'yan matan kamar 'ya'yanta.

3. In an yi rasuwa, ko haihuwa, ko gobara a unguwa, ko gidan wane ne, a sanar a ikkilisiya, a tura mutum biyu ko uku su je da sunanmu duka.

4. A kwamiti da wajen zaɓen dattawa a haɗa baƙi da 'yan ƙasa, a kuma riƙe Hausa a sujada, a fassara wa wanda bai iya ba har ya iya.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta sauka kwanan nan kuma, ga aikin gida na wannan mako: ka koyi sunan mai gidan da ke damanka da na hagunka, ka je ka gaishe su a zaune, ba a kan mashin ba. Ka kwance akwatinka. Ka dasa bishiya a ƙofar gidan da kake haya, ko ba kai za ka sha inuwarta ba. Ɗan'uwanmu malamin nan ya dasa mangwaro a shekarar da ɗansa ya warke. Bana da ya yi 'ya'ya, kwandon farko gidan maƙwabcinsa aka kai.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka kawo mu wannan ƙasa, kai ne kuma ka ajiye waɗanda muka tarar. Ka gafarta mana girman kai da tsoro. Ka albarkaci Surko, da Birnin Kudu, da Gwaram, da sarakunansu da talakawansu. Ka ba da damina mai albarka, ka tsare bakinmu, ka sa maƙwabtanmu su ga Almasihu cikin zamanmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.